Wa ke kwashe dusar ƙanƙara a Montreal, kuma me ya rage wa ɗan haya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Maraɗi na zo Montreal karatu, kuma wannan ne hunturuna na farko. Ina haya a hawa na biyu, na kuma sayi 'yar tsohuwar mota da nake ajiyewa a bakin titi. Ana ta tsorata ni cewa da zarar dusar ƙanƙara ta sauka za a ja motar. Don Allah wa ke da alhakin share titi da hanyar masu tafiya a ƙafa, hukuma ko mazauna? Ina ake kai dusar? Wani abokina a New York ya ce su da kansu suke share ƙofar gida.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Masu tsorata ka ba su yi maka ƙarya ba, ana jan mota, kuma ba kaɗan ba. Sai dai ba ranar da dusar ta sauka ake ja ba, sai ranar da aka zo kwashe ta, ita kuwa wannan ranar ana sanar da ita har da sa'arta tun kafin a iso layinku. Na daɗe ina aikin tituna a wannan yanki, bari in faɗa maka yadda abin yake daga ɓangaren ma'aikata.

A Montreal, titi da hanyar ƙafa duk hukumar birni ke share su, da harajin da masu gidaje da shaguna ke biya. Kai ma kana biya ta cikin kuɗin haya, ko da ba ka gan shi a rubuce ba. Abin da ya rage wa mazauna shi ne daga inda hanyar ƙafa ta ƙare zuwa bakin ƙofa: matakala, baranda, da wurin ajiye mota in gidan yana da shi. Abokinka ma gaskiya ya faɗa. A New York doka ta ɗora wa mai gida ko mai kula da gini ya share hanyar ƙafar da ke gabansa cikin awa 4 bayan dusar ta tsaya, ban da tsakanin ƙarfe 9 na dare da 7 na safe, in bai yi ba a ci shi tara. Calgary, nan cikin Kanada, awa 24 take bayarwa. Kowane birni da dokarsa. Ni dai tsarin Montreal ya fi kwanta mini, domin in gida tara sun share gabansu na goma ya yi tafiya, mai keken guragu da mai tura jariri sun maƙale ke nan, aikin mutum tara ya tashi a banza.

Dusar da ke sauka a nan a shekara, in aka haɗa ta, tana kaiwa wajen mita 2, wata shekara ta ɗara, wata ta gaza. Tituna da hanyoyin ƙafa da za a bi sun kai kilomita 10,000, a rabe tsakanin gundumomi 19, kuma hanyoyin ƙafar sun fi titunan tsawo tunda kusan kowane titi yana da guda biyu. Abin da birnin ke warewa kan wannan aiki a shekara ya doshi dala miliyan 200 na Kanada. Ba yawan dusar kaɗai ke jawo wannan kuɗi ba. Daga Disamba zuwa Maris sanyi bai cika barin ta narke ba, ta yau kan ta makon jiya take hawa. A Landan ko Faris in ta sauka, a yi haƙuri kwana biyu ta tafi da kanta. Mu nan ba mu da wannan gatan.

Aiki uku ne mutane ke haɗawa su kira shi abu ɗaya. Na farko watsa gishiri da tsakuwa, ana fara shi da zarar hanya ta soma santsi, wani lokaci tun kafin dusar ta fara sauka in masu hasashen yanayi sun yi gargaɗi. Na biyu turewa. Idan ta taru ta kai santimita 2.5, manyan motoci masu faffaɗan ƙarfe a gaba da gireda sukan fito suna ture ta gefen titi, ƙananan motoci masu tafiya kan sarƙa kuma, waɗanda za ka ji ana kira chenillette, su bi hanyar ƙafa. Muddin tana sauka suna zagayawa, dare da rana. A wannan mataki ba mai taɓa motarka. Abin da za ka tarar da safe shi ne an gine ta da tudu har murfin ƙofa, sai ka sa shebur ka haƙo ta. Kada ka zagi direban, ba shi da inda zai kai dusar. Turewa tamkar mai share tsakar gida ne da ya tara sharar a bakin zaure: gida ya yi kyau, amma sharar tana nan, gobe ma wata za ta ƙaru. Bayan saukar dusa biyu ko uku titi mai hannu biyu ya koma hannu ɗaya, motar kashe gobara ba ta wucewa, bas ba ta iya matsowa ta ɗauki fasinja.

Shi ya sa ake aiki na uku, lodi, wanda shi ne ke cin kuɗi, shi ne kuma ya shafi motarka. Idan abin da ke ƙasa ya kai santimita 10 zuwa 15, hukumar birni takan ayyana ranar fara lodi. Da can kowace gunduma ita ke yanke wa kanta lokaci, har ka ga wannan unguwa fes, ka tsallaka titi ka faɗa cikin tudu. Daga 2015 aka mayar da ayyanawar hannun babbar hukumar birni domin a tashi tare. A lokacin lodi ma'aikata wajen 3,000 ne ke fita da motoci sama da 2,000, na hukuma da na 'yan kwangila.

Ga yadda yake zuwa layinku. Da farko za ka ga alluna masu ruwan lemo an rataya su a sanduna ko an kafa su cikin tudun dusar, da alamar hana ajiye mota. Iri biyu ne: daga 7 na safe zuwa 7 na yamma, ko daga 7 na yamma zuwa 7 na safe. Allon aikin dare ana sa shi kafin ƙarfe 3 na ranar, na aikin rana kuma kafin 8 na daren jiya. Ka lura da wannan da kyau: kana iya ajiye mota da safe babu allo, ka tafi makaranta, a sa allo da azahar, ka dawo bayan isha'i ka tarar da wayam. Gefe ɗaya na titi ake yi a rana, ɗaya gefen sai gobe ko jibi, saboda haka mafita sau da yawa ita ce kawai ka tsallakar da motar ɗaya hannun, in ka samu gurbi.

Kafin ayarin motocin lodi ya iso, a unguwanni da yawa janwe ke fara wucewa a hankali yana buga wata jiniya mai hawa da sauka, wadda ba ta kama da ta 'yan sanda ko ta motar asibiti. Duk wanda ya yi hunturu ɗaya a garin nan ya san ta ko cikin barci. Za ka ga mutane suna fitowa da kayan barci da takalmin sanyi, makulli a hannu. Wanda bai fito ba, a ɗaga motarsa. Ba wani garejin hukuma ake kai ta ba, wani layi ne kusa da aka riga aka share ake sauke ta, da takardar tara a gilashi, tarar da kuɗin janwe a haɗe sun haura dala 100 nesa ba kusa ba. In ka fito ba ka gan ta ba, kada ka ɗauka an sace. Ka kira 311, lambar wayar hukumar birni, ko ka shiga shafin birnin na intanet ka sa lambar motar, za a nuna maka inda take. Manhajar birnin ta waya tana nuna lokacin da za a yi kowane gefen titi, ka sauke ta tun yanzu, amma in manhaja da allo suka saɓa, allo ake bi. Birnin yana kuma buɗe wasu filayen ajiye mota kyauta da dare a lokacin lodi.

Bayan janwe sai chenillette ta turo dusar hanyar ƙafa zuwa titi, gireda ta bi ta kankare ta jera ta dogon layi guda a tsakiya. Sannan babban injin ya zo, souffleuse, mai manyan wuƙaƙe masu juyawa a baki, yana haɗiye layin yana feso shi ta wani lanƙwasasshen bututu cikin tifar da ke tafiya daidai kafaɗarsa. Tifa takan cika cikin kamar minti ɗaya, ta ja gaba, ta baya ta maye gurbinta ba tare da injin ya tsaya ba. A gabansa akwai mutum ɗaya da ke tafiya a ƙasa da riga mai ƙyalli, aikinsa ya duba kada yaro ko kare ko wani ƙarfe ya shiga bakin injin. Wannan inji a nan aka ƙirƙiro shi. Arthur Sicard, wanda ya taso yana kai madara daga gona zuwa gari yana fama da hanyoyin da dusa ta toshe, shi ya kammala na farko a 1925, garin Outremont, wanda yanzu gunduma ce a cikin Montreal, ya saya a 1927. Kafin nan shebur ne da dawakai masu jan akori.

Duk wannan ayari da saurin tifa yake tafiya. In tifofi suka maƙale a cunkoso tsakanin layinku da juji, injin mai tsada sai ya tsaya yana jira. Abu na biyu da ke tsayar da shi motocin da aka bari ne. Kowace mota ɗaya mintoci take ci, kuma dubbai ake ja a lodi guda. Idan ka ji mutum yana ƙorafin cewa hukuma ta yi nawa, tambaye shi inda motarsa ta kwana. Ana fara lodi da manyan tituna, hanyoyin bas, gaban asibitoci da makarantu, da lungunan da suka yi ƙunci har motar agaji ba ta shiga, layukan unguwa su zo daga baya. Saukar santimita 20 takan ɗauki kwana huɗu ko biyar kafin a gama. Amma a Fabrairun 2025 guguwa biyu suka zo a jere, ranar 13 da ranar 16, suka sauke sama da santimita 70 cikin kwana huɗu. Aka rufe makarantu, aka dakatar da kwasar shara, lodi ya haura mako guda, hanyoyin ƙafa da yawa kuwa dusar ta fi ƙarfin chenillette, dole aka jira babban inji, mutane suka koma tafiya a tsakiyar titi tare da motoci.

Inda ake kai ta kuma: a hunturu guda ana kwashe kubik mita wajen miliyan 12, sawun tifa kusan 300,000. Da can kogin San Loran ake juye ta, har gwamnatin Kebek, lardin da Montreal ke ciki, ta hana a ƙarshen shekarun 1990, domin dusar titi ba fara ba ce kamar yadda ake gani a hoto. Akwai gishiri a ciki, da baƙin mai, da ɓurɓushin taya da birki, da leda, da duk abin da mutane suka yar. Yanzu hanya biyu ce. Akwai ramukan da aka buɗe kan manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, tifa ta juye, ruwan ƙazantar gidaje da ke gudana da ɗan ɗuminsa ya narkar da ita ya tafi da ita matatar Jean-R.-Marcotte a gabashin tsibirin. Sai jujin dusa, wanda mafi girmansu shi ne tsohon ramin fasa dutse na Francon a unguwar Saint-Michel, inda tifofi ke ja da baya har bakin gaɓa su zubar cikin rami mai zurfin gaske. A wasu jujin kuma, kamar na Angrignon, tula ta ake yi ta zama dutse mai tsayin bene hawa da yawa. In ka wuce can a watan Yuni za ka ga wani baƙin tsauni, ka ɗauka ƙasa ce, alhali dusar Janairu ce datti ya rufe ta yana kare ta daga rana.

Dusa mai laushi ba ita ce abin tsoro ba. Abin da ke kai mutane asibiti ƙanƙara ce mai santsi, kuma nan ne aikinmu ya fi rauni. Gishiri yana hana ruwa daskarewa ne zuwa wani mataki kawai. Da sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa ya fara raguwa, ya doshi 20 kuwa kusan asara ce watsa shi, sai a koma niƙaƙƙiyar tsakuwa, wadda ba ta narkar da komai, takalmi da taya kawai take ba wa abin kamawa. Ranar da ta fi kowace muni ita ce a yi ɗumi da rana ko a yi ruwan sama, dusa ta narke, ruwan ya rasa hanya saboda tudu ya toshe bakin kwata, ya kwanta a kusurwar titi, da dare sanyi ya dawo ya daskarar da shi. Da safe hanyar ƙafa ta zama gilashi. Ƙarfen chenillette ba ya kankare wannan, sai an kawo wani nadi mai haƙora ya farfasa ta. Waɗanda suka ga ruwan ƙanƙara na Janairun 1998, lokacin da turakun lantarki suka durƙushe miliyoyin mutane suka zauna a duhu, har yau da shi suke auna kowane hunturu.

Gishirin kansa yana da nasa illa. Yana cin ƙarfen mota daga ƙasa, yana shiga kankare ya sa rodin gadoji tsatsa, yana kashe itatuwan bakin titi, ya gangara ƙoramu. Gwamnatin Kanada ta yi nazari a 2001 ta tabbatar yana cutar da muhalli, a 2004 ta fitar da ƙa'idojin rage amfani da shi. Duk da haka ana watsa fiye da kima, musamman a gaban shaguna da filayen ajiye motoci masu zaman kansu, inda mai wuri ya gwammace ya zuba buhu guda da a ce wani ya faɗi ya kai shi kotu. Tunda motarka tsohuwa ce, ka riƙa kai ta a wanke mata ƙasa lokaci-lokaci.

In za ka tambaye ni inda ya kamata a gyara, hanyar ƙafa zan ce. Mota tana iya ratsa santimita 5 ba ta ji ba, tsohuwa mai sanda ba ta iyawa. Wani gari a Suwidin, Karlskoga, ya juya jerin aikinsa ya riƙa fara share hanyoyin ƙafa da na zuwa makarantun yara kafin manyan tituna, bayan an lura masu tafiya a ƙafa ne suka fi jin rauni a hunturu, yawancinsu kuma mata. Wasu na cewa a sa bututun ɗumi ƙarƙashin hanya kamar yadda ake yi a Reykjavik, babban birnin Iceland, amma su can ruwan zafi daga ƙasa yake fito musu. An yi niyyar yin haka a titin Sainte-Catherine na nan Montreal, aka fasa a 2018 saboda tsada da tsoron lalacewa, kuma ban ga laifin fasawar ba. 'Yan siyasa sun san dusa tana kayar da mutum zaɓe: a Chicago, bayan guguwar Janairun 1979 da ta tsayar da gari, magajin gari Michael Bilandic ya sha kaye a hannun Jane Byrne a zaɓen fid da gwani wata guda bayan nan. Na Toronto kuwa, Mel Lastman, sojoji ya kira su taya shi shara a Janairun 1999, mutanen Montreal har gobe suna yi wa Toronto dariyar wannan.

Saura naka. Ɗauko takardar hayarka, fam ɗin gwamnati ne iri ɗaya a duk Kebek, akwai sashen da aka yi alama a kan wa ke share matakala, baranda, ƙofar shiga da wurin mota, mai gida ko ɗan haya. Abin da aka yi wa alama shi ne doka tsakaninku. In kai ne, kuma irin matakalar ƙarfen nan ce ta waje mai lanƙwasa, share ta tun dusar tana da laushi, kafin a tattake ta ta daskare. Kada ka watso ta kan titi ko hanyar ƙafa, yawancin gundumomi tara suke ci a kan haka, tara ta a ɗan filin gaban gida. Ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan kana hutawa. Wani bincike da aka yi a Kebek aka wallafa a 2017 ya nuna ciwon zuciya na farat ɗaya yana ƙaruwa a tsakanin maza washegarin babbar dusa, kuma shebur ake zargi.

Motar da aka yi wa rajista a Kebek dole ta sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. In dusa ta binne ta, fara haƙe bakin salansa kafin ka tayar da inji, kuma kada ka bar kowa zaune a ciki yana jin ɗumi kai kana shara a waje. Hayaƙin da ya rasa mafita cikin mota yake komawa, ba shi da wari, ya sha kashe mutane a garin nan. Share rufin da gilasai gaba ɗaya kafin ka hau titi, 'yan sanda suna tsayarwa a kan haka. In kana tafiya a ƙafa ka ga tifar lodi za ta karya kwana, tsaya ta wuce ko da fitila ta ba ka hannu, direban ba ya ganin abin da ke gefensa na dama. A Fabrairun 2009 mutum uku motocin aikin dusa suka kashe a rana ɗaya a Montreal. In akwai yara a gidanku, a hana su haƙa rami su ɓuya cikin tudun bakin titi.

Idan kuma motar aikin ce ta goge maka mota ko ta karya shingen gida, ɗauki hoto nan take, ka rubuta wa hukumar birni cikin kwana 15. Wannan wa'adi doka ce, in ya wuce da wuya a saurare ka. Sannan kada ka saki jiki in dusa ta ƙare. Daga 1 ga Afrilu a yawancin unguwanni motocin shara ke fara bin tituna suna kwashe tsakuwar da aka watsa duk hunturu, dokar hana ajiye mota ta mako-mako ta dawo aiki har zuwa 1 ga Disamba. Ranar da sa'ar suna rubuce a farin allon da ke kan sandar layinku, kuma ita wannan tarar ba a buga mata jiniya.